Mutumin da Ya Yi wa Gaiwa Ƙaryar Ruwa

A ƙarƙashin Tafkin Ƙirya akwai birni. Ba ni na faɗa ba, mutanen Tungar Dogara ne suka faɗa, su kuwa ko gaisuwa sai sun auna ta suke yi, balle su ƙara wa labari gishiri. Birnin ba ganuwa ba kasuwa, mazaunansa kuma fiye da rabin shekara barci suke yi. Mutum ɗaya ne tak ya taɓa shiga cikinsa da ƙafarsa. Sunansa Nomau, kuma har yau bai fito ba.

Nomau mahaƙin gaiwa ne. Gaiwa wani irin kifi ne dogo mai santsi, wanda Allah ya ba shi haƙurin da bai ba mutane ba. Idan rani ya kama, tafki ya fara ƙafewa, gaiwa ba ta gudu ba ta kuka. Sai ta nutse cikin laka, ta naɗe, ta lulluɓe kanta da yauƙin jikinta har ya bushe ya zama mata ɗaki, ta bar ɗan rami kamar na tsinke don numfashi. Nan za ta kwanta wata bakwai ba ci ba sha. In yunwa ta matsa mata, naman jikinta take ci kaɗan-kaɗan, shi ya sa ake mata kirari da "gaiwa ci jikinki".

Mutanen Tunga suna haƙarta tun kaka da kakanni, amma da doka biyu. Ba a haƙa cibiyar tafki, inda laka take bushewa a ƙarshe. Kuma ba a yi wa gaiwa ƙaryar ruwa. Ka bi busasshiyar ƙasa da daginka, ka ƙwanƙwasa, ka kasa kunne. In ta yi gurnani ka same ta, rabonka ne. In ta yi shiru ka wuce, rabonta ne. Ba wanda ya taɓa tambayar dalilin dokar, don ba wanda yunwa ta taɓa kai shi inda zai tambaya.

Sai aka yi shekarar fari. Gero ya mutu a tsaye, rumbuna suka zama ɗakin ɓera, ɓeran ma ya yi ƙaura. Aka koma cin dusa da irin ganyen da ko akuya sai ta shinshina ta yi tunani. Nomau ya bi gefen tafki da dagi har tafin hannunsa ya fashe, gaiwa kuwa ta yi shiru kamar an gargaɗe ta.

Wata safiya matarsa Tabawa, wadda suka shekara talatin tare, ta dawo daga rijiya mai nisa da tulu ɗaya. Ta wanke hannu da ɗan abin da bai kai ludayi ba, ɗigon ya sauka a bayan ƙwaryar da ta kife. Tap, tap, tap-tap. Nomau ya ɗaga kai, don sautin bai da bambanci da na ruwan farko.

Tabawa ta ce, "Maigida, wannan kallon da kake yi wa ƙwaryar nan ban yarda da shi ba."

Ya ce, "Kallo ne kawai."

"Shekara talatin ina ganin kallonka. Ka bar abin da iyaye suka bari."

"Iyaye sun bari ne da cikinsu a cike, Tabawa. Jiya an binne yara biyu a unguwar nan."

Tabawa ta juya ta ci gaba da aikinta. Shi kuwa ya ɗauki shirun a matsayin izini, kamar yadda maza suka saba. Ya saɓi tulunta, ya ɗauki ƙwaryar da tsintsiya, ya nufi cibiyar tafki. Ya tsoma tsintsiya a ruwa ya yayyafa a kan ƙasa, ya kife ƙwarya, ya shiga kaɗa ta da yatsu goma, a hankali da fari, sa'an nan da sauri, yadda ruwa kan yi.

Ƙasa ta motsa. Wata ƙatuwar gaiwa ta fasa ɗakinta da kanta, ta turo kai waje, ta buɗe baki tana jiran ruwa, rana ta doke ta a ido. Nomau ya cafke ta. Daga nan sai gurnani ya tashi ta ko'ina, gabas da yamma, ya yi ta bi yana haƙa. Cikin kwana bakwai babu gidan da tukunya ba ta hau wuta ba. Mata suka yi masa guɗa, maza suka bi shi suna koyon kaɗa ƙwarya. Tabawa ma ta ci, don yunwa ba ta san hani ba, amma tana ci tana share ido.

Ruwan gaskiya ya zo bayan wata guda. Kwana uku ana tafkawa. Da aka ɗauke, mutane suka ruga tafki da murna, suka tarar da shi a bushe ƙarau, ruwan duk ya zurare ta tsagogin ƙasa kamar an zuba a kwando. Ko kwaɗo ɗaya bai yi kuka ba. Aka sake yin ruwa, aka sake tarar da haka.

Ranar da aka yi na biyun, Tabawa ta kwanta da hantsi ta ce jikinta ya yi nauyi. Azahar ta yi ba ta tashi ba, la'asar ta yi ba ta tashi ba. Nomau ya taɓa ta, ya ji wani yauƙi a fatarta. Kafin gari ya sake wayewa yauƙin ya bushe ya zama ɓawo, ya rufe ta tun daga kai har ƙafa, sai ɗan rami a wajen hanci. Ya kira sunanta har muryarsa ta dushe. Ya zuba mata ruwa, ruwan ya gangare ta gefe. Numfashi dai tana yi, amma kullum ƙara ramewa take a cikin ɓawon, ya gane jikinta take ci.

Ya tafi wurin Sarkin Ruwa Arzika, tsohon da ido ya riga shi tafiya, ya durƙusa.

"Baba, matata ta kwanta irin kwanciyar gaiwa."

Tsohon ya ce, "Ruwan wa ka yayyafa?"

"Nata ne. Ita ta ɗebo."

"To, ai shi ke nan. Ruwa ya san hannun da ya ɗebo shi."

"Amma Baba, ni na yi laifin. Ita hana ni ta yi."

"Wannan ba ni za ka gaya wa ba. Ka je inda ka ciro babbar gaiwar nan, da rana tsaka, lokacin da inuwarka ta shige ƙarƙashin ƙafarka. Ka tafi da ƙwaryar. Ka sa ƙafar hagu a ramin. Damina dai ba ta jiran kowa, in ta wuce matarka ba ta tashi ba, naman jikinta ba zai kai ta wata ba."

Nomau ya ɗauki ƙwaryar da daginsa, ya yi yadda aka ce. Ramin da a da hannu kaɗai ke shiga ya haɗiye ƙafarsa, ya haɗiye ƙugunsa, ya haɗiye shi duka. Ya yi ta zamewa cikin laka mai ɗumi har ya faɗo a wani wuri mai haske dishi-dishi, irin na ɗakin da aka saki asabari. A gabansa ga wani burduddugi, kwaɗon da ya kai girman rumbu, ya tare hanya, fatarsa duk ta tsattsage.

Kwaɗon ya ce, "Wane ne mai shigowa ba sallama?"

"Salamu alaikum, ranka ya daɗe."

"Sallamar bayan shigowa ta ɓarawo ce. Na san ka, ɗan Adam. Kai ne mai yatsun nan. Ka dubi maƙogwarona. Mu kwaɗi ba ma buɗe baki sai gaiwa ta motsa, ruwa kuma ba ya zama a tafkin da ba a yi masa maraba ba. Sau biyu ya zo ƙofarmu ya tarar da shiru, ya wuce."

"Na zo neman matata ne, ranka ya daɗe."

"Kowa da abin da ya dame shi. Ajiye dagin nan, ƙarfe ba ya wuce ni. Hanyarka ta unguwar da ka kwashe ce. Ɗakunan za su tambaye ka, ka ba su amsa."

Ya ajiye dagin da ya gada daga ubansa, ya ratsa ta ƙarƙashin haɓar kwaɗon. Sai ga lungu dogo, hagu da dama ɗakunan laka ne fasassu, kowanne da shatin dagi a bakinsa. Ya gane shatin, nasa ne. Ɗakin farko ya yi magana da murya kamar iska a bakin tulu.

"Ina mai ɗakin?"

Nomau ya ce, "Ta fita."

Nan take lungun ya matse, bango ya kama haƙarƙarinsa har ya ji ƙas. Ya yi ihu ya ce, "Na cinye ta!" Bangon ya sake shi.

Haka ya yi ta tafiya yana amsawa. Wannan an dafa ta da kuka. Wannan an ƙyafe ta. Wannan na ba gidan da aka yi haihuwa. Da ya faɗi ta mai jegon, lungun har ya ɗan buɗe masa, kamar ɗakin ya fahimta. Ya fara jin sanyi a ransa, yana cewa ashe ma ba duka ne laifi ba. Sai ya iso wani ɗan ɗaki da bai fi ƙwan kaza ba.

"Ina mai ɗakin?"

Ya tsaya. Ya tuna da ita sarai, 'yar mitsitsiya, ba ta kai tsawon yatsa ba.

"Ina mai ɗakin?"

"Na jefar da ita a rana, don ta yi ƙanƙanta a ci."

Bango bai matse shi ba. Ɗakin ma bai sake cewa komai ba. Gara a ce ya matse shi. Nomau ya zauna a wurin ya yi kukan da bai yi ba tun mutuwar uwarsa, sa'an nan ya tashi ya ci gaba, don irin wannan ɗakin akwai sauran da yawa a gaba.

Bayan lungun sai wani fili fari fat, ba iyaka, ba itace ba inuwa. Ƙishi ya kama shi har harshensa ya manne. Can sai ya ji ruwa na sauka ta hannun dama, tap, tap, tap-tap. Ya ruga da gudu, ya ɗaga kai ya buɗe baki, toka ta cika masa shi. Ya ji ta hagu, ya sake rugawa, toka. Ya ji ta baya, ya ce wannan karon kam har sanyinsa na ji, ya ruga, toka. Mutum ne shi, kuma mutum ba ya gajiya da ruɗin da yake so. Sai da ƙafafunsa suka ƙi ɗaukarsa ya faɗi.

Wata murya ta ce, "Ka gama?"

Ya juya ya ga tsohuwar kififiya, kunkurun ruwa, bayanta ya yi furfurar gansakuka.

"Ranki ya daɗe, ina ruwan yake?"

"Inda ka sa shi ranar da ka kaɗa ƙwarya. Kai sau uku ka buɗe baki, ga ka nan kana numfashi. Su sau ɗaya suke da shi. Gaiwar da ta fasa ɗakinta ba ta da na biyu."

"Ki taimake ni, Iya. Matata na ƙarewa."

"Bi ni a baya. In ka wuce ni ko da taki ɗaya, filin nan zai koma sabo."

Wanda bai taɓa bin kunkuru a baya ba alhali matarsa na mutuwa, bai san abin da ake kira haƙuri ba. Kififiyar ta ɗaga ƙafa ta ajiye, ta huta, ta ɗaga ta biyu. Ruwan ƙarya na ta kaɗawa a kunnensa ta ko'ina. Nomau ya cije leɓe har jini, ya kafa ido a bayanta. Suna tafe tana magana kamar da kanta take yi.

"Ku mutane kunne kuka amince wa, shi kuwa kunne kowa na iya saye shi da yatsu. Ruwan gaskiya ba da ƙara yake farawa ba. Tururuwa ce ke fara sani, sai ta kwashe ƙwanta ta hau tudu. Sa'an nan ƙasa ta yi ajiyar zuciya, ka ji sanyi ya taso ta ƙarƙashinka. Sa'an nan ƙamshi. Kuma ruwan ƙarya wuri ɗaya yake jiƙawa. Na gaskiya ba ya zaɓen gida."

Da ta kai ƙarshen maganar, sai ga su a ƙarshen filin. Ta ja wuyanta ciki ba sallama.

Birnin yana gabansa. Ɗakunan laka ne bisa ɗakuna kamar saƙar zuma, sama da ƙasa har inda ido ya tsaya, a kowanne da mai barci a naɗe. Ba a jin komai sai numfashi, birni guda yana ja yana saki tare. A tsakiya Uwar Gaiwa ce kwance, tsawonta ya kai na kwale-kwale. Daga kai zuwa ciki nama ne, daga ciki zuwa wutsiya ƙashi ne zalla. A gefenta kuwa, cikin ɗan ɗakin da aka yi daidai da ita, Tabawa ce a naɗe, gwiwa a haɓa, da zanen da ta kwanta da shi.

Nomau ya zabura zai fasa ɗakin da hannu.

Uwar Gaiwa ta ce, "Fasa. Za ta fito maka yadda muke fito maka, ta yi yini ɗaya tana buɗe baki."

Ya janye hannunsa ya faɗi ya yi gaisuwa. "Ranki ya daɗe, Uwar masu haƙuri. Ni ne mai laifi. Wannan baiwar Allah ruwa kawai ta ɗebo."

"Mun sani. Ba don horo muka riƙe ta ba. Ruwanta ya shiga ɗakunanmu, ta zama tamu. Ranar da birni ya tashi za ta tashi, in bai tashi ba ta ƙare tare da mu."

"To ku tashi mana! Damina ta sauka, na rantse da Wanda ya yi ni ya yi ku. Sau biyu an yi ruwa."

"Ba mu shakkar Wanda ka rantse da shi. Yatsunka muke shakka."

Nomau ya kife ƙwarya ya kaɗa da iya ƙarfinsa. Ko wutsiya ɗaya ba ta motsa ba. Ya kaɗa har farcensa ya tsage, sautin ya mutu a cikin lakar.

Uwar Gaiwa ta ce, "Ɗan Adam, ka zaci kowace gaiwa da kunnenta take tashi? Da haka ne da tuni mun ƙare. Muna da mai jira. Ita ke kwana a ɗakin da ya fi kowanne kusa da rana, a cibiyar tafki, inda zafi ya fi tsanani. In ta ji alamar ruwa, ita ke fara fasa ɗakinta ta leƙa. In gaskiya ne ta kira mu. In ƙarya ce, ita kaɗai ke mutuwa. Babbar 'yata ce mai jiranmu. Shekara arba'in ba ta yi kuskure ba, don shekara arba'in ba wanda ya yi mata ƙarya. Ranar nan ta leƙa, ka kama ta kafin ta ce mana mu koma. Na kusa da ita suka ji motsinta, suka amsa. Sauran ka san shi."

Nomau ya sunkuyar da kai.

"Tun daga ranar ɗakin ba kowa. Na yi shela, ba wadda ta amsa, kuma ban ga laifinsu ba. Za mu kwanta mu ci jikinmu har ya ƙare. Ka dube ni. Ƙananan nan na kewaye da ni, da na so da na miƙa baki na ci ɗaya na ƙara wata guda. Mu ba ma cin gobe don mu ga yau. Ku da yunwa ta zo muku, wa kuka ci?"

Nomau ya ɗago kai. Ya dubi Tabawa. Ƙasusuwan wuyanta sun fito, hannun nan da ya shekara talatin yana miƙo masa tuwo ya zama kamar kara.

Ya ce, "Ranki ya daɗe, mutum na iya kwana a ɗakin?"

Uwar Gaiwa ta ce, "Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka, in ji ku. Yana iya kwana. Wanda ya ƙirƙiro ƙarya ya fi kowa sanin muryarta. Amma ka ji sharaɗi. Wanda ya kwanta a ɗakin mai jira ba ya komawa tudu. Hannuwanka za mu bar maka saboda ƙwarya, sauran jikin namu ne. Kowane rani za ka kwanta wata bakwai, tsakaninka da rana taki ɗaya, kana jin ƙishi irin na mutum, don wannan ba za mu iya cire maka ba. In ka fita kan ruwan ƙarya, ka mutu, birni kuma ya sake zama ba mai jira."

"Za ta san inda nake?"

"Tana jin ka yanzu haka. Mai barcinmu ba kurma ba ne."

Nomau ya matsa kusa da ɗan ramin numfashinta. Yana da magana da yawa, amma shi ba mutum ne mai iya jera ta ba. Ya ce, "Tabawa, kin ce in bari ban bari ba. Akwai sauran dawa kaɗan a tukunyar da ke bayan gado, na ɓoye miki. Ki ci." Ya ɗauki ƙwaryarsa ya hau.

Ɗakin mai jira ya karɓe shi. Ya naɗe, yauƙi ya fito daga fatarsa ya rufe shi, ƙafafunsa suka haɗe ya daina jin su. Rana na bisa kansa kamar murfin tanda. Kwana ɗaya, kwana biyar, kwana goma, sama ta ɗaure. Yunwa ta zo, ya ji jikinsa ya fara cin kansa, abin ba zafi sai wani irin ƙaiƙayi mai ban tausayi.

Ran na goma sha biyu ya ji ɗigo a bisa kansa. Tap, tap, tap-tap. Ruwa mai sanyi ya biyo ramin numfashinsa ya taɓa leɓensa. Duk jikinsa ya yunƙura zai fasa. Sai ya tuna da kififiya. Ya saurari ƙasa, zafinta na nan. Ya shinshina, ba ƙamshi. Bangon damansa ya jiƙe, na hagu a bushe. Ya ƙara kasa kunne, ya ji tari, ya gane maƙwabcinsa Jatau ne, wanda shi da kansa ya koya wa kaɗa ƙwarya. Har kuskuren da Jatau kan yi da ɗan yatsan hagu ya ji. Ya san 'ya'yan Jatau da sunayensu, ya san yunwar da ta kawo shi. Ya datse haƙora ya yi shiru, birni duka ya yi shiru a ƙarƙashinsa, har Jatau ya gaji ya kwashe kayansa.

Bayan kwana shida ya ji tururuwa na wucewa ta bangon ɗakinsa a jere, kowacce da farin ƙwai a baki. Sai ƙasa ta yi ajiyar zuciya, sanyi ya taso ta ƙarƙashinsa. Sai ƙamshin nan da duk ɗan ƙauye ya sani. Da ɗigon ya zo, ya zo ta dama da hagu, gaba da baya. Nomau ya yi bismilla ya fasa ɗakin ya turo kai. Ruwa ya cika masa baki.

Ya kife ƙwarya ya kaɗa. Ƙasa ta girgiza, burduddugi ya saki muryar da ya daɗe yana riƙo, kwaɗi suka amsa masa, laka ta fara tafasa da gaiwa. Wannan karon ruwa ya zauna. A Tunga kuwa, matan da ke jinya suka ji ƙas, ɓawon ya tsage, Tabawa ta tashi zaune. Suka rasa yadda za su gaya mata mijinta ya ɓata. Ba ta tambaye su ba. Ta miƙa hannu bayan gado ta jawo tukunyar, ta ga dawar, ta rungume ta ta fashe da kuka.

Tun daga shekarar ba a sake kaɗa ƙwarya a bakin Tafkin Ƙirya ba, Sarkin Ruwa ya hana, Jatau ne ma ya fara fasa ƙwaryarsa. Amma duk ruwan farko ana jin kiɗa daga cibiyar tafki, kafin kwaɗi su ɗauka. Masunta kan ce da damina wani lokaci sukan ga hannun mutum ya ɗaga komar kamun kifi ya saki ƙananan kifi. Ni ban gani ba, ba zan ce komai a kai ba.

Abin da na gani shi ne Tabawa. Ta tsufa ƙwarai, amma duk bazara, lokacin da zafi ya kai inda tsuntsu ke faɗowa daga itace, takan cika buta da ruwan randa mai sanyi, ta dogara sanda har cibiyar tafki. Takan zauna kusa da ɗan ramin, ta kare shi daga rana da jikinta, ta ba shi labarin gari: wa ya haihu, wa ya rasu, wace akuya ta shiga gonar wa. In ta gama sai ta ɗauki butar a cike ta koma da ita gida.

Wata rana na kasa haƙuri na ce, "Iya, ƙishi fa yake ji. Ki ɗan ɗiga masa mana. Ai ya san ruwan gaskiya da na ƙarya, ba zai ruɗu ba."

Ta dube ni kamar yadda ake duban wanda bai taɓa aure ba.

Ta ce, "Ruɗuwa kam ba zai ruɗu ba, ɗan nan. Zai san ba ruwan sama ba ne. Amma zai san nawa ne, kuma zai fito."

Ta gyara murfin butar don kada ko ɗigo ya zuba, ta juya ta kama hanya.